Makamin Wanda Ba Shi da Ƙafar Gudu

Duk wanda ya bi hanyar Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, awaki suka kalace ko'ina har suna gaigayar ɓawon itace, zai ga wani tsiro tsaye a bakin hanya kore shar, ganyensa fala-falai, da wuya a ga gurbin cizo a jikinsa. Tumfafiya ke nan. Ba ta da ƙayar bagaruwa, ba ta da tsawon da zai hana akuya kai baki, ba wanda ya yi mata shinge. Amma akuyar da yunwa ta sa ta cin takarda da leda za ta shinshina ta, ta kau da kai, ta yi gaba. Yaron ƙauye ma ya san dalili, domin tun yana rarrafe ake gargaɗinsa kada farin nononta ya shiga masa ido.

Wannan abin da muke wucewa kullum ba tare da mun waiwaya ba, shi ne masana halittun teku suka shafe fiye da shekara 50 suna bincike a kansa, sai dai su a ƙarƙashin ruwan gishiri suke nasu aikin, a jikin wata halitta da ake kira murjani mai taushi. Tambayarsu da tamu ɗaya ce. Halittar da aka dasa a wuri guda, ba ƙafar gudu, ba haƙorin ramuwa, ga maƙiya kewaye da ita dare da rana, da me take tsira? Na ga ya dace mu bi sawun amsar da suka samo, domin tana haska mana abubuwa da dama game da tsirran dajinmu, da kifin madatsar ruwan Tiga, da yadda muke riƙon guba a hannunmu.

Murjanin da muka sani da wanda ba mu sani ba

Bahaushe ya san murjani tun kafin ya san teku. Fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga gaɓar Bahar Rum, ya shigo kasuwannin Kano da Katsina, ya zama abin wuyan amare da kayan gadon iyaye mata. Sunan ma daga Larabci muka aro shi. Da yawanmu mun ɗauka dutse ne, alhali ƙashin wata dabba ce. Dubban ƙananan halittu ne, kowacce ba ta wuce ƙwayar gero ba, suke zaune manne da juna a matsayin jiki ɗaya, kowacce da bakinta da 'yan yatsun da take kamo abinci daga ruwa.

Masana sun raba murjani gida biyu. Akwai mai tauri, wanda ke gina wa kansa ganuwar farar ƙasa, idan wani abu ya taɓa shi sai ya shige ciki ya lafe. Irinsa ne ya gina tsaunukan ƙarƙashin teku, kamar wanda ke gabashin Ostareliya mai tsawon fiye da kilomita 2,300. Akwai kuma dangin masu yatsu takwas, waɗanda jan murjaninmu na ado ɗaya ne daga cikinsu, amma akasarinsu ba su da wata ganuwa. Wani kamar naman kaza yake, wani kamar jemammiyar fata, wani kamar maficin kaba, wani kamar bulala tana rangaji a ruwa. Abin da kawai ke riƙe da tsokarsu shi ne wasu ƙananan allurai na farar ƙasa da ke warwatse a ciki. Alhazan da suka sauka Jidda sun tsaya a bakin ɗaya daga cikin manyan gidajen waɗannan halittu, domin Bahar Maliya cike take da su.

Ka duba halin da suke ciki. Nama ne mai laushi mai maiƙo, a shimfiɗe a fili, a wurin da kifaye suka fi yawa a duk faɗin teku. A ka'ida da tuni an cinye su. Amma masu nutso suna tarar da su sun rufe duwatsu kamar gonar kabeji, kifaye na kai da komo a tsakaninsu, ba mai tankawa. Tumfafiyar teku ke nan.

Yadda aka gano sirrin

A shekarar 1974 wasu masana sinadarai a Jami'ar Tel Abib, ƙarƙashin Yoel Kashman, suka tace wani murjani mai taushi na Bahar Maliya da ake kira Sarcophyton glaucum, suka fitar da wani sinadari da suka raɗa wa suna sarkofin, aka kuma tabbatar yana kashe kifi. Daga nan ƙofa ta buɗe. A farkon shekarun 1980, John Coll da abokan aikinsa na Jami'ar James Cook a Ostareliya suka tattaro ire-iren murjani masu taushi da yawa, suka niƙa su, suka zuba ruwan a kwanonin da ke ɗauke da wani ƙaramin kifi mai cin tsutsar sauro. Kusan rabin abin da suka gwada ya kashe kifin ko ya jirkita shi.

Akasarin waɗannan sinadarai 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira tafin, kuma mu ma ba baƙinsa ba ne. Ƙamshin da ke tashi idan ka murza ɓawon lemo ɗan gidan ne, haka ɗacin darbejiya da na maɗaci. Wani reshe na gidan, wanda ya fi yawa a jikin murjani mai taushi, ana samun 'yan'uwansa a jikin ganyen taba da kuma cikin lubban, ƙaron da ke fita daga dangin bishiyar hano da muke gani a kan duwatsun kudancin Kano. Dabbar teku da itacen tudu, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, sun ƙera makami da ƙira iri ɗaya.

Sai dai gwajin kwano yana da rauni. Kifi a teku ba ya iyo cikin niƙaƙƙen murjani, cizo yake kaiwa. Don haka wasu masanan, musamman Joseph Pawlik da William Fenical a Amurka, suka sauya dabara. Suka riƙa cuɗa sinadarin da abincin da kifi ke so, su dunƙula shi ƙanana, su jefa wa wani kifi mai shuɗin kai da ya cika tekun Karebiyan, su zuba ido su ga zai haɗiye ko zai tofar. A wani bincike da aka buga a 2002, an gwada nau'i 32 na murjanin wannan yanki masu siffar mafici da bulala, kuma sinadarin kowane ɗaya daga cikinsu ya sa kifin tofarwa. Da aka gwada allurorin farar ƙasar kaɗai ba tare da sinadarin ba, na nau'i biyu ne kacal suka hana shi ci. Wato a can, ɗanɗano ne ke tsaron gida, allura ɗan rakiya ce.

Ɗaci daban, dafi daban

A nan ne binciken ya zo da abin da ya fi ɗaukar hankalina. A 1986 Coll da abokansa Stephane La Barre da Paul Sammarco suka kwatanta abubuwa biyu: wane murjani ne ke kashe kifi, wane ne kuma ke hana kifi ci. Sai suka tarar ba lallai su zo tare ba. Wani yana da mugun dafi amma kifi bai ƙyamaci ɗanɗanonsa ba. Wani kuwa ba ya kisa, amma kifi ba ya iya riƙe shi a baki.

Makiyayin da ke kiwo a gefen dajin Falgore ba zai yi mamakin wannan ba. Ya san maɗaci, wanda sunansa ma ya faɗi halinsa, ɓawonsa ba ya taunuwa don ɗaci, amma mutane na jiƙa shi su sha don ciwon ciki, ganyensa kuma ana sassabo wa shanu da rani. Ya kuma san samberu, wanda dabba kan ci ganyensa ba tare da ta yi tsartuwa ba, kafin wani lokaci ta faɗi. Ya san gyauron dawa, ɗanyen tohon nan mai ban sha'awa da ke fitowa bayan girbi ko bayan fari, wanda saniya ke ci da marmari ya kashe ta nan take. Abin da ke cikin gyauron wani sinadari ne da ke zaune lafiya lau a ganye, sai an tauna ya fashe ya saki gubar sayanaid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, wadda ta sa ake jiƙa shi a shanya ko a soya kafin a ci.

Idan muka auna da idon wanda ake ci, ɗaci ya fi kisa riba. Kifin da ya ci ya mutu bayan awa uku ya riga ya yi ɓarnarsa, gobe kuma wani sabon jahili zai maye gurbinsa. Amma kifin da ya ciza ya tofar, ko ya haɗiye ya yi amai ya rayu, ya zama ɗalibi. Zai ci gaba da zama a wurin, yana riƙe da yankinsa, kuma ba zai sake kusantar wannan abinci ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Donald Gerhart ya nuna haka a 1984 da wani murjanin Karebiyan mai suna Plexaura homomalla, wanda tun 1969 aka gano jikinsa maƙare yake da furostagilandin, sinadarin da jikin ɗan Adam ke yin ɗan kaɗan daga cikinsa, wanda kuma likitoci ke amfani da danginsa wajen tayar da naƙuda. Kifayen da ya ciyar da sinadarin sun yi amai, bayan 'yan gwaje-gwaje suka daina karɓa. A 1989 Pawlik da Fenical suka ƙalubalanci wannan sakamako, suka ce a siffar da sinadarin ke zaune cikin murjani mai rai bai hana kifayensu ci ba. Muhawarar ta ɗauki shekaru, ta kuma koya wa masu bincike cewa samun sinadari mai ƙarfi a jikin halitta bai isa hujjar cewa shi ne garkuwarta ba, sai an gwada da maƙiyinta na gaskiya, da gwargwadon da yake a jikinta.

Ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba

Babu makamin da ba shi da makari. A tekun Indiya da na Fasifik akwai wata farar katantanwa mai kama da ƙwai, 'yar'uwar wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wadda ke cin murjanin Sarcophyton. Coll ya gano cewa idan ta ci, cikinta na sauya fasalin dafin ya koma mai sauƙi. Akwai wasu kifaye masu faɗin jiki da launin ado, dangin Chaetodon, da ke tsattsagar murjanin Sinularia a tsibirin Guwam duk da sinadarin da ke korar sauran kifaye. Akwai kuma wasu dodon-koɗin teku marasa ƙoƙo da suka wuce nan, suna ci su adana dafin a fatarsu, su zama su ma ba sa ciwuwa.

Koma bakin hanyar Tudun Wada ka duba tumfafiya da kyau, za ka tarar da irin wannan labari. Akwai wata fara mai ruwan ɗorawa da zane-zane da ke kwana a kanta tana cin ganyenta, ba ta ɓuya, ba ta saurin tashi, yara masu kamun fara ma sun san ba a soya ta. Akwai kuma wata tsutsa mai ratsin baƙi da fari da rawaya, wadda ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi mai launin jan ƙasa da baƙin gefe da ɗigon fari. Dukansu sun sha nonon tumfafiya sun adana dafinsa, kuma launinsu mai ɗaukar ido sanarwa ce ga tsuntsu. Har akwai wani malam-buɗe-littafin daban wanda macensa ba ta da dafin komai, amma ta sa rigar mai dafin sak, tana cin albarkacin tsoron da ake yi masa. Gaba da gabanta.

Wannan ya nuna cewa garkuwar sinadari ba ta kawar da maƙiya duka. Abin da take yi shi ne rage su daga dubu zuwa biyu ko uku, waɗanda ɓarnarsu ba ta fi ƙarfin tohuwa ba. Da haka ake zaman tare, mai ci yana ci, wanda ake ci yana rayuwa.

Makami yana da tsada

Ƙera dafi yana cin ƙarfin da za a iya sawa a girma ko haihuwa, don haka halitta ba ta barbaɗa shi barkatai. Binciken da aka yi a Guwam ya nuna cewa a jikin wasu Sinularia sinadarin ya fi taruwa a kan rassa, inda bakin kifi ke fara kaiwa, allurorin kuma sun fi yawa a gindi. Wasu suna zuba sinadarai na musamman a ƙwayayen da suke saki cikin ruwa. Wasu kuma suna tsiyayar da shi kaɗan-kaɗan a kewayensu, ya hana murjani mai tauri da ke maƙwabtaka girma, ya kuma hana gansakuka da ƙwayoyin cuta kama jikinsu. Makami ɗaya, aiki uku. Dawa ma haka take, gubarta a ƙuruciya take da ƙarfi, lokacin da cizo ɗaya zai iya gamawa da ita, idan ta yi kara ta fitar da kai sai abin ya ragu.

An daɗe ana gardama kan wanda ke ƙera sinadarin. Murjani da yawa na ɗauke da wasu ƙananan tsirrai a cikin tsokarsu, waɗanda ke samar musu abinci daga hasken rana, ga kuma bakteriya iri-iri, shi ya sa da yawa suka zaci baƙin ne maƙeran. A 2022 ƙungiyoyin bincike biyu, ta Eric Schmidt a Jami'ar Utah da ta Bradley Moore a cibiyar Scripps da ke Kalifoniya, suka gano umarnin ƙera waɗannan sinadarai a cikin ƙwayoyin gadon murjanin kansa. Dabba ce, amma da ta zauna wuri ɗaya kamar tsiro, sai ta bi hanyar tsiro. Duk da haka tana buƙatar baƙin nata don samun ƙarfi. Idan ruwan teku ya yi zafi fiye da kima, kamar yadda ya faru a 1998 da 2016, baƙin na ficewa, murjani ya yi fari, ya rame, da yawa su mutu.

Da muka ari makamin

Mu dawo ruwanmu. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore, ya zube a madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka fara ginawa zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Tafkin ya mamaye murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Masuntan da ke jefa birgi da jan koma a ruwayen Arewa sun san cewa kifi ma kowa da makaminsa. Kurungu yana kafe ƙayoyinsa ya maƙale a maƙogwaron mai haɗiye shi. Minjirya tana da wutarta. Talibambam yana kumbura ya zama ƙwallo, danginsa na teku kuwa suna ɗauke da dafin da ya sa a Japan sai mai lasisi ke fede su.

Tun kafin a yi madatsa, mutanen bakin kogi sun gano cewa wasu tsirrai na da abin da ke bugar da kifi. Mafi shahara shi ne magimfa, ɗan dangin wake mai farin fure, wanda likitan nan ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya rubuta sunansa cikin ƙamus ɗinsa na tsirran ƙasar Hausa a 1916. Magimfa ba don kifi ya ƙera sinadarinsa ba, don ƙwari masu cin ganye ya yi. Sinadarin, dangin rotinon, yana toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke amfani da iskar numfashi. Kifi ya fi kowa saurin kamuwa, domin abin na shiga jininsa kai tsaye ta jajayen ganyayyakin nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi da su, sai ya taso sama yana haki. Ɓawon aduwa ma yana da wani sinadari mai kumfa da ke yin kusan irin wannan aiki.

Mutanen dauri ba waliyyai ba ne, magimfa kuma ba ya bambance uwa da 'ya'ya, yana kashe ƙananan kifayen da ya kamata su zama kamun baɗi. Amma abin yana da iyaka ta halitta. Sai an shuka, an jira, an yi wahalar haɗawa, kuma rana da zafi suna lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki. A kan wannan akwai Sarkin Ruwa da dattawan masunta masu faɗin lokacin da za a shiga ruwa da lokacin da za a bar shi ya huta.

Da maganin ƙwari na kwalba ya shigo, sai iyakar ta faɗi. Gamalin, wanda aka kawo don feshin koko da sauran amfanin gona, ya zama abin da wasu ke tuttulawa a koguna da tafkuna a sassa da yawa na Nijeriya. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, ba ya saurin ruɓewa. Yana kwanciya a laka, yana taruwa a kitsen kifi, daga nan ya wuce jikin wanda ya ci, har nonon uwa. A 2009 ƙasashen duniya suka sa shi cikin jerin gubobin da Yarjejeniyar Stockholm ta hana. Tun kafin nan, dokar kamun kifin ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki, ba ta kuma ware gubar tsiro ba. Duk da haka kwalabe masu wasu sunaye sun cika shagunan kayan noma, kuma abin da aka fesa wa masara a Doguwa ko shinkafa a Tudun Wada fiye da ƙa'ida, ruwan sama na iya wanko shi zuwa rafi, rafi ya miƙa wa kogi, kogi ya miƙa wa Tiga.

Bambancin da ke tsakaninmu da murjani a nan yake. Shi yana sa dafinsa daidai wurin cizo, daidai gwargwado, ya kori mai ci ya bar shi da rai. Mu mun ɗauki dafin mun bar ma'aunin. Mai zuba guba a ruwa yana cin kasuwar yini ɗaya ne da jarin shekara goma, kuma 'ya'yansa na cikin masu shan ruwan.

Inda dafi ya zama magani

Sinadarin da aka ƙera don ya taɓa jikin mai rai, idan aka san gwargwadonsa, shi ne magani. Daga wani murjanin tsibiran Bahamas aka samo sinadarin sudotarosin a 1986, mai kwantar da kumburi, har kamfanin Estée Lauder ya sa shi a man shafawa. Daga wani na yammacin Ostareliya aka samo elutarobin, wanda aka bayyana a 1997, mai hana ƙwayoyin sankara rabuwa a ɗakin gwaji. Ƙarancinsa a teku ya daɗe yana tauye bincike a kansa, shi ya sa gano umarnin ƙera shi a 2022 ya faranta ran masana, don yanzu ana fatan a koya wa yis ko bakteriya su yi shi ba tare da an tumɓuke murjani ba.

Namu tsirran ma sun bi wannan hanya. Kwankwani, wanda maharba da 'yan baka suka riƙa dafa dafin kibiya da 'ya'yansa, ɗan'uwansa na gabashin Afirka ne Thomas Fraser ya yi nazari a Edinbara, ya gabatar da shi a matsayin maganin zuciya a 1885. Dafin kwankwani da na tumfafiya da na fatar kwaɗo duk wuri ɗaya suke bugu, wato wani ɗan famfo da ke daidaita gishiri a bangon ƙwayoyin jiki. A can Hawai, mayaƙan dauri sun riƙa shafa wa masunsu wata halittar teku 'yar'uwar murjani, kuma dafinta, wanda aka tace a 1971, wannan famfon dai yake hari. Maharbin Falgore da mayaƙin Hawai ba su san juna ba, amma sun kai hannu ƙofa ɗaya.

A 1933 wani likita a Sudan, Robert Archibald, ya nuna cewa 'ya'yan aduwa na kashe katantanwar da ke yaɗa tsargiya, cutar da ta saba bin duk inda aka yi madatsa da hanyoyin ban ruwa. A 1959, a Sudan ɗin dai, Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura fari sun cinye komai sun bar darbejiya, daga baya kuma aka tace sinadarinta a 1968, wanda yau ake sayarwa a duniya a matsayin maganin ƙwari. Tsohuwar da ke shimfiɗa ganyen darbejiya a rumbu ta riga su sani. Magimfa kansa manoman Malawi da Zambiya na shuka shi don ya gyara ƙasa ya kuma kare hatsi, kuma a can aka gano iri biyu ne masu kama da juna, ɗaya na da sinadarin, ɗaya babu. Wannan kaɗai ya isa nuna abin da ɗakin gwaji zai ƙara wa ilimin gado: ya faɗa maka wane iri, wane sashe, wane gwargwado.

Namu tsaunin murjanin

Ba mu da teku, amma muna da Falgore, dajin da aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan Kogin Kano, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 900, wanda ke tsare bakin ruwan da Tiga ke sha. Muna da duwatsun Riruwai da ƙoramunsu. Kowane irin itace da ke tsaye a can ya yi dubban shekaru yana fafatawa da gara da tsutsa da fara da barewa, kuma abin da ya tsira da shi yana nan a ɓawonsa da saiwarsa. Buhunan gawayin da ke jere a bakin titi daga wannan taska ake cika su. Idan aka sare maɗaci ko hano aka ƙone, an samu kuɗin cefanen mako, an rasa abin da ba a ma kai ga tambayarsa ba.

Masanan da suka yi aikin murjani ba da manyan injuna suka fara ba. Sun fara da lura cewa kifi ba ya cin wani abu, sai suka tambayi dalili, suka haɗa ɗan abinci, suka ƙirga sau nawa aka tofar. Ɗalibin Jami'ar Bayero, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, zai iya irin wannan da karfasa daga Bagauda da ganye daga Doguwa. Abin da ya fi su Coll da shi kuwa shi ne malamai a kusa: makiyayin da ya san ciyawar da ke kumbura ciki, masuncin da ya san ɓawon da ke juya ruwa, unguwarzomar da ta san saiwar da ba a ba mai ciki. Waɗannan dattawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Ya kamata a je a durƙusa a gabansu a ce, Baba, Inna, a koya mana, a rubuta da sunan garinsu, in wani amfani ya fito a komo musu da rabonsu.

Ga masunta da manoma kuma, roƙona shi ne a mayar wa Sarkin Ruwa da ƙungiyoyin masunta ƙarfin hana zuba guba, a bi gwargwadon da aka rubuta a jikin kwalba, a daina wanke tankin feshi a rafi. Tumfafiya ta shekara dubbai da dafinta a bakin hanya, akuya na nan, fara na nan, ita ma tana nan. Murjani ya fi ta daɗewa a cikin kifaye, teku bai ƙare da kifi ba. Mu da aka ba hankali muka kuma ari makaminsu, abin da ya rage mu koya daga gare su shi ne inda ake tsayawa.